Zaren da Yaya Ta Bar Wa Auta

Na Allah ne mu duka, gare Shi za mu koma, Yaya dai ta riga mu. Yayar maigidana ce, amma ni ma Yaya nake ce mata tun ranar da aka sauke ni a Paris da akwatin aure da mayafin da ba ya tare sanyi. Ta rasu wata Talata da hantsi, a kan gadonta, a saman benen nan na Aubervilliers, a bakin Paris, inda ta tsufa. Ta sha kunu, ta ce in buɗe mata taga, na juya na buɗe, kafin in waiwayo an gama. Duk wanda ya ga yadda ciwo ya yi da ita a shekarun nan ya san dalilin da hawayena suka zo tare da hamdala.

Kafin la'asar ɗakunan nan biyu sun cika, takalma sun bi matakala har hawa na ƙasa. Matan Damagaram suka zauna gefe guda, na Maradi da na Tawa suka matsa wajen girki, kowa na faɗin abin da ya sani. Tsohuwar ƙawarta ta dafa gwiwata ta ce, “Ta huta, 'yar nan. Kada ki yi mata kukan da zai dawo da ita cikin ciwon nan.” Matar wani babban ma'aikaci, wadda direba ya kawo, ta yi kuka sosai, can ta share ido ta ce yanzu wa zai rage mata wuyan riga bai ɓata aikin ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ita ma ta yi. Ɗalibai suka zo, irin waɗanda Yaya take cika wa kwano da tuwo ranar Lahadi tana yi musu faɗa a kan rama. Har tsohon Baturen da ke ƙarƙashinmu ya hawo, hularsa a hannu. Shekara da shekaru yana dukan rufin ɗakinsa da sandar tsintsiya saboda ƙarar keken ɗinkinta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa babban ɗanta cewa tun da keken ya yi shiru bai ƙara barcin rana mai daɗi ba.

Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, kuma ba ni da yawo, in kin gan ni a jirgin metiro to asibiti za ni ko gidan suna. Amma Allah Ya ba ni kunne. Ƙarƙashin addu'o'in nan duka ina jin magana guda tana zagaya ɗakin daga wannan mayafi zuwa wancan: “Auta fa? An gaya mata? Za ta zo kuwa?”

Auta ita ce ƙaramar 'yarta. Tana Villeurbanne, can gefen Lyon, inda ta yi karatun injiniya ta zauna da aiki da miji da 'yarta guda. Ba wanda zai ce sun yi baram-baram da uwarta. Tana aiko da magani, tana bugo waya ranar Juma'a, wata sallar ma takan zo. Amma in ta zo a bakin kujera take zama da jaka a cinya kamar mai jiran lokotoro a asibiti, su gaisa, su yi maganar sanyi da tsadar kifi, ta kama jirgin yamma. Ta sha gaya mini cewa uwarta ba ta taɓa yafe mata ba. Mu kuwa a wurinmu ba abin da ya kai wannan nauyi, a ce uwa ta tafi da fushin ɗa a ƙirjinta. Abin da matan suke tambaya ke nan, ba maganar jirgi ba. Shi ya zaunar da ni rubuta wannan da ɗan rubutun da na iya, kada a manta da Yaya, kuma kada a tuna da ita a karkace.

Lokacin da na zo mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ta da yara uku da keken ɗinki. Unguwarmu cike take da shagunan 'yan sari masu sayar da tufafi dila-dila. Ɗaya daga cikinsu, da muke ce wa patiron kawai, shi ke aiko mata yankakkun kaya a manyan buhunan leda, hannuwa daban, wuya daban, gaba da baya daban, ita ta haɗa. Keken yana kan bargo ninki-ninki don kada ƙara ta sauka ƙasa, amma tana sauka. Ni aikina guga da ninki. Maigidana in ya taso daga gadi shi ke hawa da buhunan a kafaɗa, don benen ba asansar mai hawa da mutane. Yara kuwa da sun dawo lakwal sun ci abinci sai a baje musu tabarma. Babban yana juya wuyan riga da gindin cokali, mai bi masa tana sa maɓalli, Auta da ba ta kai riƙe allura ba ita ce mai yankan zare. Kowannensu yana da ɗan almakashi da aka zura wa igiyar tsumma, ya rataya a wuya kamar laya don kada ya ɓata cikin kaya. Igiyar Auta ja ce.

Mun ci zare a miya, mun kwana da zare a kai. Warin sabon yadi ya sa mu tari, har muka daina jin sa. Ba zan ce ba a yi daɗi ba, don Yaya tana taka keke tana ba su labarin Damagaram, tana kwaikwayon muryar masu tallar fura har yaran su faɗi don dariya. Amma kuma na ga yatsunsu sun yi kanta, na ga Auta ta yi gyangyaɗi da riga a cinya almakashi na lilo a ƙirjinta.

Abu guda Yaya ba ta ƙauna a duniya: zare mai lilo. Ta taɓa bin direban patiron har ƙasan bene da ƙafa ba takalmi, ta sa ya kwance buhu a titi saboda ta tuna da siket guda da ba a bi ba. A gidan biki in kin ga ta matso kusa da ke tana murmushi, ba gaisuwa ba ce, zare ta hango a kafaɗarki, sai dai ki ji ƙyas. Takan ce wa yaran, “Ni na ɗinka, amma kaya bai ƙare ba sai mai almakashi ta bi ta kansa.” In ta faɗi haka Auta har wani ɗaga kai take yi. A ganinta ita ce babba a gidan, tun da hannunta ne na ƙarshe.

Wannan alfaharin ne ya jawo abin. Malamarsu ta ga yatsan Auta ya yi kanta, ga zare a gashinta, ga barci a aji, ta tambaye ta me take yi in ta koma gida. Yarinya ta miƙe ta ce ita ce mai gama kaya a gidansu, in ba ta bi ba ba a fita da ko riga guda. Ba ƙara ta kai ba, yabon kanta ta yi. Malamar kuwa ta kai maganar gaban hukuma.

Dama muna da tsari. In aka ƙwanƙwasa ƙofa irin ƙwanƙwasar da ba ta mutanenmu ba, kaya su shige ƙarƙashin gado, a rufe keke da zanen tebur, yara su buɗe littafi. Ranar da madam ɗin hukumar kula da yara ta zo mun yi shi tsaf, har da tulun fure a kan keken. Ta shigo ta samu yara uku a jere suna karatu kamar a hoto. Sai na ga idonta ya sauka a wuyan babban, ya koma na mai bi masa, ya tsaya a na Auta. Almakashi uku suna rataye. Mun saba ganinsu a wuyan yaran har mun daina ganinsu.

Ba ta yi tsawa ba. Ta zauna ta yi dogon Faransanci, maigidana yana juya mana. Abin da na riƙe shi ne, in ta dawo ta sake samun haka maganar za ta je gaban alƙali, kuma ana iya ɗauke yaran. Ta tashi ta fita. Na zaci Yaya za ta ɗauki bulala, amma sai ta miƙa tafin hannu ta ce, “Ku ba ni.” Suka cire suka ba ta. Auta ta riƙe tata igiyar da hannu biyu, sai da Yaya ta zare ta ta kanta. Ta dube ta ta ce, “Ke da bakinki. Tashi daga nan, je ki ɗauki littafinki.”

Daga ranar, duk sa'ad da Auta ta matso kusa da kaya, ko da tsintar maɓallin da ya faɗi ne, maganar ke nan, da muryar nan mai kaushi: tashi daga nan, je ki ɗauki littafinki. Manyan biyu murna suka yi, ɗaya ya kama ƙwallo, ɗaya ta kama ƙawaye. Auta kuwa ta ɗauka kora ce. Ta tona asirin gida, an karɓe mata matsayinta. Ta kama karatu kamar mai ramuwa, har ya kai ta Lyon. Ta rantse ba ta ƙara riƙe allura ko almakashin ɗinki, kuma ta cika. Maɓalli in ya cire mata, shago take kai rigar.

Aikin yara uku ya dawo kanmu mu biyu, mafi yawa kanta. Ta gama ɗinki ta koma ta zauna a tabarmar yaran, ta kai riga har kusa da hanci tana neman zare. A nan idonta ya fara tafiya, a nan bayanta ya lanƙwashe. Kaya suka riƙa makara. Wata rana patiron ya hawo da kansa yana haki, ya ce ina ƙananan hannuwan nan nata da suke sauri. Yaya ba ta ko tsayar da keke ba. Ta ce wa maigidana, “Gaya masa hannuwan suna lakwal. In yana son yara ya haifi nasa.” Maigidana ya fara tausasa maganar a Faransanci, ta ce, “Na ji ka rage. Mayar da abin da ka cire.” Ya mayar. Patiron ya kwashe buhunansa, muka yi wani sanyi guda muna cin taliya da mai. A lokacin ne ta fara karɓar atamfa da shadda na matanmu, har ta zama Hajiya mai ɗinki da kowa ya sani. Kuma in mace tamu ta rasu a ƙasar nan, ita ke ɗinka likkafani da hannu, ba ta karɓar ko na zare.

Bayan shekaru, Auta tana can Lyon, tawa 'yar ta tasa. Wata ranar jajibirin salla aiki ya yi mana yawa, yarinyar ta ɗauki almakashi za ta taya mu, ni kuwa har na ji daɗi. Yaya ta fizge shi ta ce, “A gidan nan an gama sa yara.” Da yarinyar ta fita sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Autar nan gaskiya ta faɗa wa malamarta. Ni ce ban iya jin ta daga bakin yarinya ba.”

Na ce, “To Yaya, ki gaya mata mana. Tana can tana cewa kin kore ta.”

Ta ce, “Ni in ce me? In na buɗe baki da faɗa zai fito, kin san ni.” Ta taka keke da ƙarfi don kada in ƙara.

Na kai wa Auta maganar ba sau ɗaya ba. Amsarta guda ce: “Tanti, ke kike faɗa. Ke kina son kowa ya shirya da kowa. Ita ba ta faɗa ba.” Ban ga laifinta ba.

Da ciwo ya kwantar da Yaya, keke ya yi shiru, wata safiya ta ce in ciro mata farin alawayyon da ta zo da shi daga Makka. Ta ce nata za ta ɗinka tun tana iya riƙe allura. Na ce Yaya bari wannan magana, ta ce, “Na yi wa matan mutane, ni sai a kai ni shagon Larabawa?” Ta ɗauki makonni tana yi, kaɗan-kaɗan, da laluben yatsa, ni ina zura mata zare. Ɗinkin likkafani ba a ƙulla bakin zarensa, a ja ne kawai a yanke. To ita sai ta ja ta bari. Kowane ɗinki, a riga da kallabi da mayafan, ta bar masa jela mai tsawon yatsa tana lilo. Na ɗauka idon ne, na ɗauko almakashi zan bi mata. Ta buge mini hannu.

“Ba aikinki ba ne.” Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro wani ɗan almakashi, igiyarsa ta koɗe amma ana gane ja ce. Ta naɗe shi a tsakiyar likkafanin. “Na mai shi ne. In ba ta zo ba, a sa mini shi haka.”

Ranar rasuwar babban ɗa ya bugo wa Auta, ta ce ta ji, ta kashe. Masu wanka suka ce a kai musu likkafani ranar Alhamis da safe. Da na warware shi a gaban matan don a duba, tsohuwar ƙawarta ta riƙe baki. “Hajiya ce za a kai da zare na lilo? Wannan ai abin kunya ne ga tela. Kawo in gyara.” Har ta zaro almakashi daga jaka. Na naɗe kayan na sa a bayana na zauna daram, na ce sai dai a ɗaga ni. Suka ce baƙin ciki ya taɓa ni. Na ce na ji.

Laraba da sassafe na ɗauki salula na kira ta.

“Tanti, ina kwana, ya haƙuri,” in ji Auta. Muryarta a bushe. “Gobe zan zo, zan same ku a maƙabarta kai tsaye.”

“Ba maƙabarta za ki fara zuwa ba, gida za ki zo, yau. Akwai aikinki a nan.”

“Wane aiki kuma? Ku da kuke da yawa.”

“Wanda uwarki ta bar miki. Ta hana ni taɓawa, ni ma na hana kowa. In ba ki zo ba haka za a sa mata shi.”

Ta ce, “Tanti, ba na son wasa yau.” Na ce ni ma.

Azahar ta yi ba ta zo ba. Matan suna satar kallona, ni ina satar kallon ƙofa. Ana shirin la'asar na ji taku a matakala. Na san takun kowa a benen nan, wannan na mai tsallake matakala ta ƙarshe ne, tun tana yarinya haka take yi. Ta shigo da 'yarta a hannu, ta durƙusa ta gaida manya, aka yi mata gaisuwa. Na ja ta ɗakin ciki, jikar ta biyo mu. Na shimfiɗa likkafanin a kan gadon Yaya.

Ta dubi ɗinkin. Ta sa yatsa ta ɗaga jelar zare guda, ta sake, ta ɗaga ta gaba. Ta ce a hankali, “Ita ta yi wannan? Maman ta bar zare?”

“Da gangan. Ta buge mini hannu a kansa.”

Ta buɗe ninkin tsakiya, almakashin ya zamo kan zanen gado. Ta daɗe tana kallonsa. Yatsunta ba su shiga ramukansa ba sai da ta matsa. Ta ja tabarma da ƙafa ta zauna a ƙasa, daidai inda take zama da, ta ɗora rigar a cinya. Sai na ji ƙyas. Can kuma ƙyas. Hannun bai manta ba.

Jikar, 'yar shekara bakwai ko takwas, ta gaji da tsayuwa. Ta durƙusa kusa da uwarta ta kama bakin mayafi, ta ce da Hausarta mai karkata, “Maman, kawo in taya ki.”

Auta ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “Tashi daga nan, je ki ɗauki littafinki.”

Wallahi sai da na waiwaya gadon. Muryar Yaya ce sak, har kaushin. Auta ma ta ji. Almakashin ya tsaya a hannunta, ta dubi 'yarta da ta miƙe tana turo baki, ta dube ni. Ta ce, “Tanti, ba korar ta na yi ba. Ba na so ta taɓa ne kawai.”

Na ce, “Na sani, 'yar nan. Shekara nawa ina gaya miki.”

Sai ta yi wata irin dariya da ta juye kuka, ta jawo yarinyar ta rungume, ta yi kukan da ba ta yi a waya ba. Matan falo suka ji, tsohuwar ƙawar ta leƙo, ta ga abin da ke cinyarta, ta koma ta ce musu, “Alhamdu lillahi. Ku bar su.” Daga nan ban ƙara jin tambayar nan tana zagaya ɗakin ba.

Ta bi shi ɗinki-ɗinki har ta gama, ta juya shi ta sake dubawa ta baya kamar yadda aka koya mata. Ta tattara guntayen zaren a tafin hannu ta sa a aljihun jakarta. Ta ninke ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, “Ya ƙare.”

An kai Yaya ranar Alhamis, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta, rana ta fito kamar ba Paris ba. Auta ba ta kama jirgin yamma ba, ta zauna har addu'ar bakwai, ta ci tuwo a ƙasa da mu. Keken yana nan a kan bargonsa, ba wanda ya ce yana so, ba wanda ya ce a fitar.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mata kaushin bakinta saboda taushin abin da ke bayansa, Ya haskaka mata kabari fiye da hasken da ɗinki ya cinye mata. Ya sa ta huta, ita da bayanta da idanunta. Na duba da kaina kafin a rufe, ba zare ko guda da ke lilo.